Shekarar da Ruwan Cikina Ya Ja Baya

Na san abin da kuka ji. Kun ji cewa uwarku ta taɓa tsayawa a zauren mahaifinta, gaban baƙi, ta ƙaryata shi, sannan ta fice daga gidan da tsohon ciki. Waɗanda suka ba ku labarin ba su yi ƙarya ba, sai dai sun faɗi abin da na yi sun bar dalili. Yanzu duk waɗanda abin ya faru a gabansu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ga shi idona ya fara gajiya da takarda. Gara in rubuta da hannuna, kada wata rana ku ɗora wa kakanku laifin da ya wuce nasa, ko ku ɗauke mini wanda yake nawa.

Mahaifina Malam Abdu sunansa, amma a Kontagora ba mai gane wa kake nufi sai ka ce Baba Dispensa. Ya yi ƙuruciyarsa yana aikin ba da magani a ƙananan asibitocin ƙauye, daga wannan gari a tura shi wancan, har ya yi ritaya ya dawo gida. Aikin ne ya sake shi, shi bai saki aikin ba. Yana da wani akwatin katako a zaure, mai kwaɗo biyu, kuma kowace safiya za ka tarar da mutane a kan tabarma, manoma daga Beri, Fulani daga Bobi, wasu ma sun wuce ƙofar asibiti sun zo wurinsa. Hannunsa na da albarka, wannan ba na musu. Amma mutum ne da ba a taɓa ce masa ya yi kuskure ba, shi ya sa bai san yadda ake karɓar maganar ba. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hajara, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Kuma duk gidan an san halinsa na ɗauko kaf, har taurin kan.

A farkon shekarun casa'in ne, ina koyarwa a firamare, babanku kuma yana malamin gona a Sahon Rami, na samu cikin yayanku. Da ya shiga wata bakwai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. A nan dole in tsaya in yi muku bayani, ku da kuke turo wa babanku hoton ɗan cikinku na asibiti ta waya kuna dariya. A zamaninmu cikin fari abin kunya ne. Ba ka ambatonsa gaban uwa sai da habaici, gaban uba kuwa ko da habaicin ba a yi. In na hango Baba sai in ja mayafi in koma ɗaki, in ya gaishe ni in amsa daga bayan labule. Shi ma yana yi kamar bai gani ba. Wata uku ya kamata mu yi a gida ɗaya, kowa ya san me ya kawo ni, ba mai faɗa.

Ciwon baya ne ya fara. Tsayuwar allo ta riga ta cinye mini ƙugu, da nauyi ya ƙaru sai na koma ba na iya tashi daga tabarma sai na dafa bango. Inna, mahaifiyata, ta je ta ce wa Baba yarinyar nan ba ta jin daɗin bayanta. Bai tambayi komai ba, ya buɗe akwati ya ba ta wani ɗan kafso mai launin ruwan ƙwai, ya ce a ba ni safe da rana da yamma. Kowa ya san kafson nan a lokacin. Shi masu ciwon gaɓoɓi ke sha, kuma shi ne Inna ke farkewa ta barbaɗa a kan ƙanzon tuwo ta ajiye wa ɓeraye a ɗakin hatsi. Har dariya na yi, na ce Inna ashe ni ma na shiga sahun ɓeraye. Ta ce in rufe mata baki in haɗiye. Maganin kuwa ya yi aiki, kwana biyu na miƙe garau, har ina taya ta tankaɗe.

Mako ya bi mako ina sha. Matan unguwa da ke shigowa suka fara yaba mini, wai Allah ya ba ni ciki ɗan madaidaici, irin wanda ba ya wahalar da mai shi ranar haihuwa. Ina jin daɗi a ɓoye. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne motsin ya canza. Da can juyi yake yi mai laushi, yanzu sai ɗan zungure, shi ma jefi-jefi, kuma in na ɗora hannu ina jin gwiwa da gwiwar hannu kamar ba komai tsakaninmu sai fata. Wa zan gaya wa? Inna za ta ce na cika rashin kunya.

Mai yi mana awo a asibiti wata ungozoma ce, Sista Rifkatu, mutuniyar wajen Rijau, Kirista, doguwa, mai faɗa. Hausarta ta kama, amma in ranta ya ɓaci yarensu na Dukanci kan leƙo, sai ta ce wa mace kai. Tana da tef irin na tela a wuya da wani ɗan ƙaho na sauraren bugun zuciya, iyakar kayan aikinta ke nan, don a lokacin na'urar hoto sai an yi tafiya. Wata ranar awo ta auna ni, ta duba kati, ta sake aunawa. Ta lalluba cikin da hannu biyu, ta daɗe da ƙahon a kunne.

"Malama, awo uku ke nan tef ɗina yana tsayawa wuri ɗaya. Ɗan yana nan, zuciya na bugawa, amma ruwa ya ja baya. Faya ta tsiyaya ne? Kin ga jiƙa?"

"Ban gani ba, Sista."

"Me kike sha?"

"Ba komai, sai na ƙarin jinin da kuka ba ni. Sai kuma na ciwon baya da Baba ke bayarwa."

"Wanne? Sunansa?"

"Ban san sunansa ba. Wanda dai ake sa wa ɓeraye."

Ta ajiye ƙahon a kan tebur da ƙarfi.

"Kai! Tun yaushe kana sha?"

Na ce ya kai mako biyar. Ta ja kujera ta zauna, ta ce tunda ni malama ce za ta yi mini darasi, in saurara da kyau don ba za ta maimaita ba. Abin da ta gaya mini ranar na riƙe shi fiye da duk abin da na karanta a kwaleji. Ta ce ruwan da ɗa ke kwance a ciki, in ciki ya wuce rabi, yawancinsa fitsarin ɗan ne. Na yamutsa fuska, ta ce in gyara fuskata, ba irin fitsarin da na sani ba ne, ruwa ne mai tsabta, don mabiyiya ce ke kwashe dattin jininsa ta miƙa wa uwa. Shi ya sa ƙodar ɗan tayi ba ta samun jini da yawa kamar ta babba, ɗan kaɗan ake tura mata, daidai wanda zai ishe ta ta girma ta kuma yi wannan ruwan. Ruwan ne shimfiɗarsa, shi ke hana cibiya matsewa, shi ke ba huhu damar buɗewa. Ta ce in tuna mai ban ruwa a lambu, yadda yake buɗe wa wannan kwami ya toshe wa wancan. Haka jikin ɗa ke raba jini. In ya shiga matsi, sai ya ba kai da zuciya, ya rage wa ƙoda. Kuma hanyoyin jinin ƙodar sirara ne ƙwarai, akwai wani sinadari da jiki ke yi wanda ke riƙe su a buɗe. Sinadarin nan kuwa ɗan uwan wanda ke sa mutum jin ciwo da kumburi ne. Kafson Baba aikinsa ya hana jiki yin sinadarin. A bayana ya kashe ciwo, amma ya bi jini ya ratsa mabiyiya, ya je ya tsuke wa ɗan hanya. Jini ya ragu a ƙoda, fitsari ya ragu, ruwa ya ja baya. Ta ce ta gani da idonta inda ta yi horo, don a can ana ba da shi na kwana biyu kacal a tsayar da naƙudar da ta zo kafin lokaci, kuma ko a hakan ana sa ido a kan ruwa.

"In na daina, zai dawo?"

"Sau da yawa yana dawowa, in ba a makara ba. Ba zan yi miki alkawari ba, ni ba Allah ba ce. Amma in kika ci gaba, zan iya yi miki alkawarin ɗayan."

Ta rubuta wa Baba takarda cikin ladabi, don ita ma Baba take ce masa, a hannunsa ta fara aiki tana yarinya. Na ba Inna ta kai. Ina jinsa daga tsakar gida yana ninke ta.

"Rifkatun da na koya wa riƙe allura? Shekara nawa ina ba da maganin nan, wa ya kashe? A ci gaba da ba ta."

Sai na koma dabara. Inna ta miƙo, in sa a kumatu, in kurɓi ruwa, in ta juya in tofa a hannu in tura ƙarƙashin katifa. Ciwon ya dawo kamar yana rama kwanakin da aka hana shi, amma na cije. Kwana huɗu asirina ya tonu, ranar da Inna ta ɗaga katifa za ta shanya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai kai masa. Ita a ganinta shagwaɓa ce irin ta 'yan boko, kuma ba ta taɓa tsallake maganarsa ba a rayuwarta. Washegari da safe aka kawo mini kunu. Kurɓi ɗaya na ji ɗaci a bayan harshe. Na gane an farke shi an zuba a ciki.

Na zauna da ƙwaryar a hannu na daɗe. Ban taɓa jin tsoro irin na safiyar nan ba, kuma ban taɓa jin fushi irinsa ba. Mutanen da suka fi kowa sona a duniya ne ke yi mini wannan, don sona, kuma abin da ya hana su fahimta magana ce wadda ba ni da izinin yi. Tun asuba ɗan bai motsa ba. Na ce a raina, in kunya ce za ta kashe mini shi, to yau mun rabu da ita.

Ban tsaya na yi tunanin wuri ba, kuma wannan shi ne laifina. Da na jira ya shigo cin abincin rana, na same shi shi kaɗai. Amma na tashi da ƙwaryar kunun na nufi zaure, da ɗan mayafi wanda bai rufe komai ba. Akwai mutum shida ko bakwai a zaune. Baba na gaban akwatinsa yana ƙulle wa wani Bafulatani magani a takarda, matarsa na rakuɓe a bakin ƙofa, ita ma da ciki, kuma na ga launin abin da yake ƙullewa. Na durƙusa da ƙyar.

"Baba, ina da magana."

"Uwata, koma ciki. Ba kya ganin mutane?"

"Na gan su. Baba, ciki gare ni."

Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana salati. Ai kowa na gani, amma ba wanda ya taɓa jin 'ya ta faɗa wa ubanta haka. Tunda na riga na fara, sai na zarce. Na ce masa kafson nan yana tsuke hanyar jinin ƙodar ɗan, ɗan ya daina fitsari, ruwan da yake ciki ya ƙafe. Na ambaci ƙoda, na ambaci fitsari, na ambaci mabiyiya, duk a gaban maza. Na ce ba zan ƙara sha ba, a hannu ko a kunu. Sannan na juya na ce wa Bafulatanin kada ya ba matarsa. Mutumin ya dubi Baba, ya dube ni, ya ajiye ƙullin a kan tabarma a hankali. Ina ganin wannan ajiyewar ta fi duk maganata yi masa zafi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya rufe akwatin, ya dube ni, ya kira sunan da bai taɓa furtawa ba.

"Hajara. In maganina guba ne, ai tuwon gidana ma guba ne. Ki nemi inda za ki ci wanda kika yarda da shi."

Na ce to, Baba. Na shiga na ƙulle kayana a zane, Inna na bina tana kuka tana cewa in je in ba shi haƙuri ya wuce. Na ce mata zan ba shi haƙurin wurin da na yi maganar, amma ba zan janye maganar ba, kuma shi janyewar yake so. Da ƙafa na taka har asibiti, ina tafiya ina hutawa a inuwar shaguna. Sista Rifkatu ta gan ni da ƙulli a ka, ba ta tambaye ni komai ba, ta samo mini gado. Aka aika wa babanku, ya zo a kan babur, ya je ya durƙusa gaban Baba, Baba ya amsa gaisuwarsa ya ci gaba da jan carbi.

Kusan mako shida na yi a gadon nan. Aikina uku: in kwanta ta gefen hagu, in sha ruwa har ya ishe ni, in ƙirga motsi. Sista ta ba ni ƙwayar wake, duk motsi in jefa ɗaya a gwangwani, ta zo da la'asar ta juye ta gani. Ga baya kuwa, sai ƙaramin maganin zazzaɓi da tsumma mai ɗumi, waɗanda ciwon ke yi wa dariya. Akwai ranakun da na ciji matashi, na tuna kafson nan kamar mai tuna tsohon masoyi, amma ban nema ba. Inna na zuwa kullum da abinci, ta ɗanɗana a gabana kafin ta miƙo, ba tare da na ce ta yi ba. Wannan ya fi komai sa ni kuka. Makon farko tef bai motsa ba. A na biyu Sista ta auna, ta ce in daina numfashi da ƙarfi ina ruɗa ta, ta sake aunawa, ta ce ya ƙaru da faɗin yatsa. Daga nan waken gwangwani ya fara yawa, gwiwoyin nan da nake ji a ƙarƙashin fata suka nutse. Amma ta gargaɗe ni kada in saki jiki. Ta ce ba za mu san irin ɓarnar da aka yi wa ƙodar ba sai ya fito ya yi fitsari da kansa.

Da hantsi aka haife shi, ɗan ƙarami, mai ƙarar murya. Aka wanke shi aka naɗe a farin ƙyalle, muka zauna jira. Sauran matan ɗakin ana ta shigo musu da barka, ni kuwa hannuna na cikin ƙyallen kowane ɗan lokaci. Azahar ta yi, a bushe. Sista ta ce in ba shi nono in daina lalube, wasu sai sun kwana. Sai ga Inna ta shigo tana wani irin kallo.

"Babanki na waje. Tun da aka kai masa labari ya zo, yana gindin dalbejiyar bakin ƙofa, ya ƙi shigowa."

"Me ya ce?"

"Na ce masa namiji ne, bai kula ba. Na ce kina lafiya, ya gyaɗa kai. Abu ɗaya yake tambaya, sau uku ke nan yana aiko ni. Wai ya yi fitsari?"

Na juya fuskata bango. Mutumin da bai taɓa yarda ya san ina da ciki ba, yau yana zaune a bainar jama'a yana tambayar wannan. Ban san wa ya tambaya ba, ban san littafin da ya buɗe ba cikin makonnin nan, amma na san ya bincika, kuma ya samu abin da ya samu. Na ce wa Inna ta gaya masa bai yi ba tukuna. Haka ta yi ta kai da kawowa. A nan gindin itacen ya yi sallar la'asar. Rana ta kusa faɗuwa na ji ɗumi a cinyata, ya ratsa ƙyalle ya ratsa zanena. Na ƙwala wa Sista kira har na tsorata masu jego. Ta zare ƙyallen ta duba, ba ta ba Inna ba, ita da kanta ta fita da shi. Ta taga na hango su. Ta durƙusa ta miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mata, ya shafa fuska, ya tashi ya tafi gida. Kafin magariba ya aiko a ce in an sallame ni, ɗakina na nan an share.

Na koma, na yi jegona a gidan, shi ya yi wa yayanku huɗuba. Amma bai ƙara buɗe akwatin nan ba. Labari ya riga ya kai ƙauyuka cewa 'yar Baba Dispensa ta ce maganinsa na kashe ciki, kuma masu ɗaukar labari ba sa ɗaukar bayani. 'Yan kaɗan da suka ci gaba da zuwa ya riƙa nuna musu hanyar asibiti. Zauren ya zama wurin zamansa shi kaɗai da rediyo, ya tsufa cikin shekara biyu irin tsufan da ya kamata ya ɗauki goma. Na ba shi haƙuri sau da yawa, kullum sai ya ce ba komai, Allah ya yi miki albarka. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, bai taɓa cewa na yi laifi ba, kuma hirar da muka saba yi da yamma ba ta dawo ba har ya rasu.

To kun ji. Kakanku bai yi niyyar cutar da kowa ba, abin da ya sani ya bayar, kuma da ya san wani abu daban ya karɓa, duk da abin da karɓar ta ci masa. Ni kuma ba na nadamar kalma ɗaya da na faɗa, wurin da na faɗe ta ne har yau yake hana ni sakewa. Na samu ɗana, na raba ubana da abin da yake tashi dominsa kowace safiya. Amma in aka mayar da ni ɗakin nan da ƙwaryar kunu a hannu, ɗa bai motsa ba tun asuba, ban yi muku alkawarin zan iya jira har azahar ba.